Kawu Bala Birki da Lanƙwasasshen Allonsa

Ku da kuka san Kawu Bala Birki kun san ba ya kunna allon nan nasa sai ya zagaya shi sau biyu. Zai fito da safe bayan ya sha koko, da tsumma a kafaɗa, ya doki ƙafar tebur ta dama da takalmi, ya doki ta hagu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi kamar mai neman inda mai ke yoyo. Sannan ya goge gilashin daga wannan gefe zuwa wancan, ya zauna, ya gyara hula, ya karanta addu'ar hawa mota. A cikin ɗaki fa! Tebur ne da kujera, babu taya ko ɗaya.

Na taɓa ce masa, "Kawu, tebur ai ba ya faci."

Ya ce, "Wanda ya kwana a rami ma haka ya ce da safe."

Allah Ya jiƙan Kawu. Ga wanda bai san shi ba, ƙanen mahaifiyata ne, tsohon direban babbar mota. Shekara talatin da wani abu yana jan kaya daga nan Birnin Gwari zuwa Kaduna, zuwa Funtua, har kudu, bai taɓa take ko ƙadangare ba. 'Yan tasha ne suka sa masa Birki, wai in ya hango kaza a ƙauyen gaba, tun daga wannan ƙauyen yake fara taka birki. Da hanya ta lalace, aka shiga tare motoci ana kora mutane daji, sai ya miƙa wa mai mota makullinsa ya dawo gida. Zaman nan ya so ya kashe shi. Ya rame, ya daina tsokanar mutane, kuma in Kawu ya daina tsokana, to ciwo ne. 'Yarsa Hadiza, wadda ke aiki a wani shagon kwamfuta a cikin gari, ita ta kawo magani: tsohuwar kwamfuta da wani gem a ciki na tuƙa tirela, da sitiyarin roba na gwanjo. Muka ce tsoho ya koma yaro. Shi kuwa kwana uku ya murmure. Abu ɗaya ya dame shi, allon da ta haɗo masa ƙarami ne.

Ya ce, "Kamar ta ramin makulli nake leƙen hanya. A nemo mini gilashin gaba na gaske."

Ni kuma ni ne Sule, wanda yake kira Sarkin Fargaba. Ba na musu. Ni ne mutumin da kan koma gida sau uku ya duba ko ya kulle ƙofa, in kuma na tsinci allura a hanya ba ni da sukuni sai na yi cigiya. To amma a daminar da zan ba ku labarinta, fargabar tawa tana da dalili.

Gonarmu ta gado tana Tabanni, ta yi iyaka da burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi. Shekaru muka yi ba mai iya taka wurin. Da aka ɗan samu sauƙi muka koma, sai muka tarar wuta ta cinye shingen bini-da-zugu da ya raba gonar da burtalin. Da can ɗorawa biyu ce a wurin, shingen ya ratsa tsakaninsu, ɗaya a gonarmu, ɗaya a burtali. Yanzu saura ɗaya, masu gawayi sun sare ɗayar har saiwa. Marigayi yayana ne ke noma wannan ɓangaren, ni ban riƙe yadda yake ba. Na ce wadda ta rage tamu ce, na yi huɗa har na wuce ta, na shuka masara. Ardo Buba, wanda rugarsu ke hayin rafin tun zamanin kakanninmu, ya ce a'a, wannan ɗorawar burtali ce, a gindinta ya yi ƙuruciya. In maganarsa gaskiya ce, na cinye wa shanu rabin hanya ke nan. Ku kun san ƙasarmu. Kun san maganar da ba ta kai wannan ba ta tashi ƙauye. Ga tsoron jini, ga kuma abin da malamai ke faɗa a kan wanda ya ci ko taki ɗaya na ƙasar da ba tasa ba.

Ina cikin wannan hali Kawu ya aiko a kira ni. Na ɗauka shawara zai ba ni. Ya ce, "Shirya, gobe za mu Kaduna sayen gilashi."

Na ce, "Kawu, a wannan hanyar? Saboda abin wasa?"

Ya ce, "Kai da ke zaune a gida ma tsoro kake ji. Gara ka je ka ji shi a inda yake da amfani."

A Kaduna muka shiga wani shago a kasuwa. Mai shagon mutum ne mai gaskiya, Allah Ya yi masa albarka. Ya ajiye mana allo biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko madaidaici ne, shimfiɗaɗɗe, hotonsa tas kamar ka sa hannu ka ɗauko. Na biyun wani ƙato ne, ya kusa faɗin ƙofar zaure, gefe da gefensa sun lanƙwaso ciki kamar sakaina. Kawu ko kallon na farkon bai yi ba.

Mai shago ya ce, "Baba, bari in gaya maka gaskiya. Wannan babban na masu gem ne, amma mai arha ne. Abin da aka ƙara maka a girma, an cire shi a wani wuri."

Kawu ya ce, "Lissafo."

"Ba shi da sifika."

"Ina da baki."

"Ƙafarsa ba ta ɗagawa, ba ta sunkuyawa, kuma tana rawa."

"Tawa ma tana rawa, ga ni tsaye."

"In hoto ya yi duhu kuma yana gudu, yakan bar inuwa a bayansa kamar an shafa gawayi."

"Ni ba na gudu."

"Rubutu ba ya fita sosai. Girman ya yi wa hoton yawa, in ka matso sai ka ga dishi-dishi. Kuma yana shan wuta."

"Karatu na zo yi ko tuƙi?"

"Na ƙarshe, Baba, na mutum ɗaya ne. Wanda ya zauna a tsakiya shi ke ganin daidai. Na gefe, kala kan koɗe masa, hoton kuma ya karkace."

Kawu ya buga cinya. "Ashe mota ce ta gaske! Ka taɓa ganin an tuƙa mota daga kujerar fasinja? Ɗaure mini shi."

Na ja shi gefe na ce, "Kawu, ka ji fa. Mutumin da bakinsa yake kushe kayansa."

Ya ce, "Shi ya sa zan saya, Sarkin Fargaba. Wanda ya faɗa maka aibi shida, ba na bakwai. Wanda ya ce babu ko ɗaya, shi ke da buhu."

Dawowa ita ce aiki. Kawu ya ƙi a sa kwalin a but, ya ƙi a ɗaure shi a sama. A kan cinyoyinmu ya zauna a kujerar baya, ni da shi da wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ba na ganin gaba, kwali kawai nake gani. Mun wuce Buruku da nisa, wajen azahar, sai na ji mota ta rage gudu ta tsaya. Na leƙa ta gefe. Motoci ne jere, wasu har sun juya kai sun fuskanci Kaduna. Ba mai hon, ba mai magana da ƙarfi. Wanda ya san hanyar nan ya san wannan shirun.

Direba ya waiwayo ya ce a hankali, "An ce gaba ba kyau. Kowa ya sauka ya tsaya kusa. In kun ji harbi, ku bar komai ku yi ta kanku."

Matar nan ta fara salati. Ni ma na bi sahunta. Ina cikin karanta duk abin da na haddace, sai na ji Kawu ya ce, "Sule, juyo bayanka."

Na juya. Wallahi, kada in yi wa mamaci ƙarya, igiya ya ciro daga aljihu. Ya jingina mini kwalin a baya, ya fara ɗaure shi kamar goyo.

Na ce, "Kawu, mene ne haka?"

"In gudu ya tashi, ka fi ni ƙafa."

"Kawu, da wannan a bayana ai daga dajin Kamuku ma za a hango ni!"

"To sai ka nemi bishiya mai faɗi."

Haka na tsaya a gefen kwalta, magidanci mai 'ya'ya biyar, goye da allo, ina gumi. Mutanen da ke cikin tashin hankali suka riƙa kallona suna toshe baki. Mun fi awa a wurin. Can sai ga sojoji sun zo, suka ce a jera a bi bayansu. Ɗayansu ya tsaya a kaina ya ce a buɗe kwalin. Ya leƙa, ya dubi Kawu da tausayi ya ce, "Baba, talabijin ɗinka ya lanƙwashe."

Kawu ya ce, "Haka uwarsa ta haife shi, ranka ya daɗe."

Har yau ban san abin da ya faru a gaban ba. Abin da na sani, mun wuce wata mota a gefen hanya, ƙofofinta huɗu a buɗe, ba kowa, ga takalmi ƙafa ɗaya a kan kwalta. Mun yi tafiya mai nisa kafin Kawu ya yi magana, kuma ba da muryar tsokana ba. Ya ce, "Ka ga abin da ya sa na koma tuƙi a ɗaki."

A gida duk aibin da mai shago ya lissafa sai da ya fito, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu amsa kira. Ƙafar allon tana rawa, Kawu ya sassaƙa waigi biyu irin na tayar tirela ya cusa mata. Ba sifika, Hadiza ta ce za ta kawo 'yar ƙarama, ya ce a'a, kuɗin banza. Da bakinsa yake kukan inji. Yana da na tashi, yana da na hawan tudu, yana da na iskar birki, "tsssh!" Ranar farko maƙwabciyarsa ta aiko a tambaya ko akuyarsu ce ke naƙuda.

Ga tafiyar hawainiya. Motocin cikin gem suna ta wuce shi, shi kuwa yana gefen dama yana ba su hannu. A cikin ɗaki yake miƙa hannu waje yana cewa, "Wuce, ɗan gaggawa, za mu tarar da kai a gaba." In an kira salla ba ya tsayar da abin yadda kowa ke yi. Sai ya nemi fili ya faka, ya ja birkin hannu. Ranar nan ya rasa raka'a biyu, liman ya tambaye shi dalili, ya ce, "Allah gafarta malam, a kan gada kiran ya same ni."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne in gari ya yi duhu a cikin gem ɗin. Fitilun motoci sai su riƙa jan wutsiya a allon, baƙi ya cakuɗe da baƙi, kamar yadda aka gaya mana. Kawu sai ya faka, ya naɗe hannu, ya zauna yana kallon duhu, alhali a waje rana tsaka ce. Hadiza ta ce, "Baba, akwai maɓallin da za ka danna gari ya waye nan take."

Ya dube ta ya ce, "Ke ce ke wayar da gari yanzu?"

Ina zuwa ina zama a bayansa ina dariyar yaƙe, amma zuciyata tana Tabanni. Abin kuwa ƙara lalacewa yake yi. Masara ta kai gwiwa, hanya ta matse, shanun Ardo suka faɗa suka cinye bakin gonar. Ƙanena Garba, mai zafin kai, ya maka wa wata saniya ƙotar fartanya har ta yi ɗingishi. Washegari Ja'e, babban ɗan Ardo, ya zo ya tsaya a gindin ɗorawar da sanda a kafaɗa tun safe har azahar. Matasan unguwa suka fara taruwa a ƙofar gidana suna cewa in ba su izini kawai. Izinin me? Ni da ko kaza ba na iya yankawa sai na kau da kai! Mai unguwa ya kira mu ya ce ranar Alhamis za a zauna, kuma ya roƙe mu don Allah kada a kwana ba a gama ba, don in ta wuce hannunsa, bai san hannun da za ta faɗa ba.

Hadiza ce ta ce, "Yaya Sule, ka san akwai tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga sama? Ana iya komawa baya a ga wuri yadda yake kafin wuta. In netwok ya yarda zan sauko da na Tabanni."

Kawu ya ce, "A kawo su motata. Waya ta yi ƙanƙanta da rigimar manya."

Ranar Alhamis gari ya tashi da hadari. Tun safe ba rana, batirin solar Kawu bai ƙoshi ba, allon kuma ga shi da ci. Bayan azahar zauren Kawu, inda allon yake, ya cika. Kawu ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ba a shiga motata da sanda." Aka tara sanduna da fartanyoyi a bakin ƙofa. Ni dai idona na kan tarin nan, don na ga bai yi nisa da hannun kowa ba. Mutanenmu suka zauna ta hagun allon, mutanen Ardo ta dama, ba wanda ya ce su yi haka. Hadiza ta kunna. Ga Tabanni daga sama: gonarmu ta hagu, burtali ta dama, wani baƙin layi a tsakani.

Garba ne ya fara tashi. "Kun gani! Ku dubi gonarmu a matse kamar tabarmar salla, burtali kuwa ya baje kamar filin idi! Tun asali su suka ci namu!"

Ja'e ya miƙe daga can. "Kaɗo, ba ka da ido ne? Burtalin ne siriri kamar igiya! Gonarku ta haɗiye rabin allon!"

"Ni kake ce wa ba ni da ido?"

"Da wa nake?"

Kowa ya tashi tsaye. Na hagu suna rantsuwa, na dama suna rantsuwa, kuma abin da ya fi tsorata ni, ba wanda ya yi kama da maƙaryaci. Mai unguwa yana "Ku tsaya, ku tsaya," ba mai jin sa. Na ga wani daga cikin namu ya fara ja da baya yana nufar ƙofa, inda sandunan suke. Na ce shi ke nan, yau a kan masarata za a zubar da jini.

Sai muka ji, "PAAAM!"

Kawu ne. Hon ɗin tirela ya yi da bakinsa, da iyakar ƙarfinsa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Zauren ya yi tsit.

Ya ce, "Na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Maza! Ba na son musu a motata."

Aka yi ta gunaguni ana gogar kafaɗa, aka sauya. Garba ya karkata kai, ya murza ido, ya ce, "Af."

Ja'e ya ce, "La! Yanzu kuma burtalin ya yi ƙiba."

Kawu ya ce, "Saniya ce shi da zai yi ƙiba kana tsaye? Gilashin ne lanƙwasasshe. Gefen da kake zaune, shi ke juya maka ƙeya ya tsuke, na can nesa ya buɗe maka fuska. Kowa ya zauna a ɓangarensa, nasa zai gani ƙarami. Da kun kashe juna a kan arhar da na saya a Kaduna! Kujera ɗaya ce ke ganin daidai, ta direba. Kowa ya fita, a bar mini Ardo da Sule da mai unguwa."

Suka fita suka cunkushe a taga da bakin ƙofa. Daga can ba abin da suke gani sai fari-fari, kalar duk ta koɗe. A daidai lokacin inbata, na'urar wutar solar, ta fara kuka, tsit, tsit, alamar batir ya kusa ƙarewa.

Ardo Buba ya fara zama, don shi ne babba. Ya cire malafa ya ɗora a gwiwa, ya ƙura ido. Ya daɗe. Hadiza ta matso masa da hoton, sai ya ƙara dagulewa ya zama dishi-dishi, ta mai da shi baya. Can ya girgiza kai ya ce, "Direba, ni dai miyar kuka nake gani an zuba a faranti. Ban taɓa ganin bishiya ta sama ba. Ni ba shaho ba ne."

Ya tashi, ya nuna ni da malafar. "Sule ya zauna. Abin da ya ce ya gani, na yarda. Na san shi. Ya taɓa bin mu har ruga da igiyar maraƙi da ya tsinta."

Wayyo Allah! Da ma zagina ya yi.

Na zauna. Ban taɓa zama a kujerar nan ba sai ranar. Allon ya kewaye mini ido, ba na ganin bango, ba na ganin mutane, kamar an ɗaga ni sama an rataye ni a kan Tabanni. Ga rafi. Ga shingen, baƙin layi miƙaƙƙe. Ga ɗorawa biyu kamar dunƙulen daddawa, ɗaya ta hagun layin, ɗaya ta dama. A gindin ta daman, ta burtali, ga wani ɗan farin tabo.

Na san tabon nan. Falalen dutse ne. Ƙasa ta rufe shi a shekarun da ba ma nan, ni na tone shi da garma ranar huɗa, na share shi, kuma tun daga ranar a kansa nake sallar azahar, a inuwar ɗorawar da ta rage. Ashe duk daminar nan a tsakiyar hanyar shanu nake salla.

Ba wanda ya sani sai ni. Hadiza ba ta san gonar ba. Mai unguwa yana gefe, Ardo miyar kuka yake gani, na taga ba sa ganin komai. Inbata tana tsit, tsit. Zan faɗa muku abin da ya zo mini a rai, don ban zo nan in wanke kaina ba. Zuciyata ta ce, ba sai ka yi ƙarya ba, Sule. Ka yi shiru kawai, ka ce kana dubawa. Minti kaɗan batir zai mutu, a ce ba a gani ba. Garba yana ta taga yana raɗa, "Yaya, ka ce tamu ce. Yaya!"

Kawu yana tsaye a bayana. Bai san dutsen ba, amma ya san ƙeyata. Ya sunkuyo ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Mai ya kusa ƙarewa, ɗana. Ko ka faka da kanka, ko ta mutu maka a tsakiyar titi."

Na ɗaga yatsa na nuna tabon. Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako. Na ce, "Ɗorawar da ta rage ta burtali ce. Ardo ke da gaskiya. Ni na shiga."

Garba ya doki taga. "Yaya! Kunya goma sha biyu fa! Masara har gwiwa!"

Na ce, "Na sani, ni na shuka." Ban san inda na samo wannan muryar ba, don ta biyun ta fi ta farko ƙarfi. "Gobe zan tuge."

Ina jin numfashin matasanmu a bayan bango. Ardo ya mai da malafarsa a kai, ya ɗaure igiyarta a haɓa, a hankali kamar ba shi ake jira ba. Sannan ya ce, "Ba za a tuge abinci ba. A bar ta ta nuna. Ja'e zai bi da shanu ɗaya bayan ɗaya ta gefen da ya rage, ko zai kwana yana yi. In an girbe, karan namu ne, hanya kuma ta koma yadda take." Ya juya wajen taga ya ce, "Saniyar da aka doka ta warke. Wanda ya doke ta ya zo ya sha nononta, a wuce wurin."

Aka yi dariya, ta farko a ranar. Garba ya sunkuyar da kai. Mutane suka ɗebi sandunansu, kowa ya riƙe tasa ta ƙasa kamar mai jin kunyarta. Batirin kuwa, munafuki, bai mutu ba sai da kowa ya watse.

Kuna tsammanin na huta? Ina! Da masarar ta nuna sai wata fargabar ta taso. Na je na sami Kawu na ce, "Kawu, masarar kunya goma sha biyun nan, a ƙasar da ba tawa ba ta fito. Ya halatta in ci?"

"Ardo bai yafe ba?"

"Ya yafe. Amma burtali ai ba na Ardo kaɗai ba ne, na duk mai saniya ne. Ta yaya zan bi su ɗaya-ɗaya?"

Ya ce, "Kai, Sule, in aka sa ka a Aljanna sai ka tambaya ko an yi kuskuren suna. Kawo mini ita nan. Ni cikina ba shi da fargaba."

Na kai masa buhu guda ɗanya, sauran na rabar. Sati biyu unguwar tana ƙanshin gasasshiyar masara. Duk wanda ya wuce sai Kawu ya miƙa masa ɗaya ya ce, "Ci, ta shanu ce, sun ba mu aro."

Bai ga wata daminar ba. Bayan girbi, da muka sake dasa bini-da-zugu ni da Garba da Ja'e, ya kwanta ciwon kwana huɗu, ranar na biyar da hantsi Allah Ya karɓi abinsa. Ban aika ruga ba, ruɗewa ta sa na manta. Amma da aka fito da shi, sai na ga Ardo Buba a ƙofar gida, ƙafafunsa duk taɓon rafi, ya taho a ƙasa tun daga Tabanni. Ya je ya kama makara ta gaba, Garba ya kama ɗaya gefen, kafaɗarsu ɗaya har maƙabarta. A nan kukan da nake riƙewa ya ƙwace mini.

Ya Allah, ga bawanka Bala ya zo gare Ka. Ka san shi fiye da mu. Ya ba mu dariya a shekarun da dariya ta yi wuya, ya kuma tsaya a bayana ranar da na kusa zamewa. Allah Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa, Ka yalwata masa shi kamar yadda ya sa aka yalwata wa dabbobinka hanyarsu ta zuwa ruwa. Mu kuma da muka rage, Ka zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Amin.